Dakuwar Dokta Kasali

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ta Jos a shekarar da Sarauniyar Ingila ta kawo ziyara ya san Dokta Kasali, ko da bai so ba. In ba ka gan shi ba, ka ji ƙararrawar kekensa. In ba ka ji ƙararrawa ba, ka ji bakinsa, wanda ya fi ƙararrawar cin zango.

Ga asalin doktancin. Ya taɓa yin shara da wankin kwalabe a ɗakin shan magani na wani kamfanin kuza can wajen Kuru. Da Baturen likitan zai koma ƙasarsu, sai ya yar da wata farar riga da ɓera ya cinye aljihunta. Kasali ya tsince ta. Ya ɗaure akwatin katako a bayan keke, ya cika shi da man zafi da maganin tari da hodar ƙaiƙayi, ya rataya robar famfon keke a wuya wai abin auna ƙirji ce. Shi ke nan, unguwa ta yi likita.

"Bature ya iya haɗa magani," haka yake faɗa wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa, "amma shigar da shi cikin mutum, wannan sai ni. Ba a haifi yaron da zai ƙi magani a hannuna ba. Tsoho kuwa har roƙon ƙari yake yi."

Maƙwabcinsa Dalyop, tsohon helma, wato shugaban lebura, da ya bar aikin kuza ya koma gyaran fitilu a ƙofar gida, yakan ɗago kai ya ce, "Oga Dokta, akuyana ma ya ƙi magani a hannunka."

"Akuya ba ta san darajar ilimi ba."

"Ya san darajar rai dai."

To, Kasali yana da abin da ke hana shi sukuni, wato Foluke, wata bazawara mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Ya daɗe yana nemanta. Amma duk lokacin da maganar ta je gaban Alhaji Ayinla, ƙanen mahaifinta kuma babban gidansu, sai Alhaji ya gyara hula ya ce a bari tukuna a ga kamun ludayinsa.

Ana nan sai ciwo ya shiga gidan Foluke ta ƙofa biyu. 'Yarta Idiat, 'yar shekara biyar, zazzaɓi ya kama ta, yau ya sauka gobe ya dawo. Uwar Foluke kuma, Iya Ramota, tsohuwar da haƙori biyu suka rage mata amma harshenta bai rasa komai ba, ciwon baya da na mara suka sa ta gaba. A disfensare aka ba yarinya ruwan kwinin a kwalba, mai ɗacin da ko maɗaci ya sara masa. Tsohuwa kuma aka ba ta wasu manyan ƙwayoyi masu santsi, kowace ta kusa kai gurjiya.

Kaka da jika suka haɗa kai. In an nufo Idiat da cokali, ta faɗa bayan kakarta. In an miƙa wa Iya ƙwaya, ta ce maƙogwaronta ba rariya ba ne. Foluke ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza. Yarinya sai ramewa take yi, idanu sun faɗa. Ranar nan a bakin famfo, gajiya ta sa Foluke ta dire bokiti ta ce, "Wallahi duk namijin da ya sa mutanen nan biyu suka sha magani, shi zan aura, ko da kuturu ne."

Kafin bokitinta ya cika, magana ta kai kunnen Kasali. Ya daka tsalle ya ce abin nema ya samu. Ya goge farar rigarsa da dutsen guga, ya hau keke, yana tafe yana sanar da mutane cewa su fara tanadin ɗinkin biki.

Da Idiat ta hango farar riga a bakin ƙofa sai ta ƙwalla ihu, "Allura!" ta shige ƙarƙashin gadon ƙarfen kakarta.

"Ƙyale ta," in ji Kasali, "da babba ake farawa." Ya zube rub-da-ciki ya gaida Iya irin gaisuwarsu, ya tashi ya karɓi kwalbar ƙwaya. "Iya, abin nan ba wuya. Dabara ce. Ki kalle ni da kyau. A ɗora a kan harshe, a kurɓi ruwa, a ɗaga kai sama. Kin gani? Ta wuce."

Iya ta ƙanƙance ido. "Ɗana, idona ba kyau. Ban ga komai ba. Sake yi."

Ya sake.

"Ka yi sauri da yawa. Yi a hankali yadda tsoho zai gane."

Ya yi a hankali, har da waiwayowa ta gefe don ta ga maƙoshinsa yana motsi.

"Yawwa, na fara ganewa. Amma ruwan ne gaba ko ƙwayar?"

Sai da ya haɗiye ta huɗu sannan ya lura tsohuwa tana toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Ya miƙa mata tata. Ta juya ta, ta duba, ta mayar masa. "Ka iya sosai. Allah ya ba ka lafiya."

Don kada kunya ta yi yawa, sai ya juya kan yarinya. Ya cika cokali da kwinin, ya durƙusa, ya kutsa kai ƙarƙashin gado yana cewa, "Idiat 'yar albarka, ga alewar Turawa." 'Yar albarka ta sa ƙafa ta shuri cokali, kwinin ya tafi hancin Dokta kai tsaye. Ya yi atishawa, ƙeyarsa ta bugi ƙarfe, wuyan rigarsa ya sarƙe a wayar gado. Idiat ta fice ta ɗaya gefen. Iya kuwa, wai bayanta ya gaji da tabarma, ta lallaɓa ta hau gadon ta zauna daidai saitin kansa.

"Iya, akwai mutum a ƙasa!"

"Wa ke magana? Kunnena ma ba kyau."

Matan gida biyu ne suka kama ƙafafunsa suka jawo shi, rigar ta bar rabin wuyanta a can. Da ya fito titi, ya kakkaɓe jiki ya shaida wa masu kallo cewa yau binciken farko kawai ya yi.

Washegari da sassafe Dalyop yana buɗe ƙofa ya tarar da Kasali tsugune, ba riga ba keke, fuska duk ta yamutse.

"Dalyop, na mutu. Tsohuwar nan ta yi mini asiri."

"Me ya faru, Oga?"

Kasali ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Na zaga bayan gida. Abin da ya fito shuɗi ne. Shuɗi shar, kamar an tsoma ni a marina."

Dalyop ya yi dariya har ya dafa bango. "Ƙwayan ciwon baya ka sha, ko? Baturenmu na kuza yana shan irinsa. Haka yake sa fitsari, ba ya kashe kowa. Dokta, kai ba ka san maganinka ba?"

Kasali ya miƙe tsaye, ya gyara wando. "Na sani mana. Gwada ka nake yi, in ji ko kana riƙe abin da nake koya maka."

Da wani ne da ya haƙura. Kasali kuwa sai ya ce yanzu ya gano bakin zaren: matsalar ba maganin ba ce, siffarsa ce. Tsoho ba ya son abin haɗiya, yaro ba ya son ɗaci, saboda haka a ɓoye. Ya koma gidan da hantsi, ya ja Foluke gefe, ya daka ƙwaya biyu ya zuba a kokon Iya, ya kuma tsiyaya kwinin a shayin Idiat ya danne da madarar gwangwani.

Koko yana shan garin ƙwaya ya rikiɗe. Kasali ya yi ta juyawa da ludayi, yana ƙara shuɗi. Ya dai daure ya kai.

Iya ta leƙa kwano. "Ni farin zane ce da za a rina?"

"Sabon gero ne, Iya. Daga Ingila."

"To Ingila ta sha abinta."

Idiat ta ɗanɗana shayinta da bakin harshe, ta dubi kakarta, kakar ta dube ta. Yarinya ta tura kofi, kofi ya bugi kwano, kwano ya kife a ƙirjin Dokta. Daga ranar farar riga ta sami taswira shuɗiya tun daga wuya har cibiya, wadda sabulu ya yi iya yinsa ya bari. Yaran unguwa suka sa masa Dokta Mai Shuni.

Foluke ta raka shi ƙofa, idonta ya yi ja. "Kasali, ba wasa nake ba. Yarinyar nan jiya ko ruwa da ƙyar ta sha. In ba za ka iya ba, ka daina zubar mini da magani."

"Ki ba ni zuwa Juma'a. Ki gaya wa Alhaji ya tara dattawa bayan an sauko masallaci. A nan zan karɓi amsata."

Ya tafi da rabin ƙwayoyin da rabin ruwan kwinin. A hanya ya ga mai tallan dakuwa, sai ya taka birki har ya kusa faɗuwa. Dakuwa! Ga ta baƙa-baƙa, ba launin da zai nuna. Ga laushi, marar haƙori zai iya. Ga zaƙi da yaji, su danne kowane ɗanɗano. Ya sayi aya da gyaɗa da sukari da barkono, ya ari turmin matar Dalyop, ya wuni yana daka yana waƙa. Ya mulmula manya ya zuba musu garin ƙwaya, na Iya ke nan. Ya mulmula ƙanana ya shayar da su kwinin, na Idiat.

Da a ƙullin ganye ya kai, yadda kowa ke sayen dakuwa, da wataƙila labarin ya canja. Amma Kasali ba ya yin abu a ɓoye, ko da abin ɓoyewa ne. Ya sayi sabuwar langa mai zanen fure, ya jera dakuwa a ciki, ya naɗe da sabon adiko, ya ɗora a kan keke ya zaga unguwa sau biyu yana kaɗa ƙararrawa kafin ya shiga gidan ranar Alhamis da la'asar.

Iya ta buɗe langa, ta dubi adiko, ta dubi Kasali, ta yi murmushi irin wanda bai taɓa gani a fuskarta ba. "Kai, ɗana, yau ka yi abin manya. Allah ya yi albarka."

Kasali ya fita yana taku ɗai-ɗai. Abin da ɗokin ya mantar da shi, duk da cewa a cikin al'adar aka haife shi, shi ne kayan da mai neman aure ya kawo a sabon kwano da sabon adiko ba a cin su a ɗaka. Rabawa ake yi gida-gida, kowane dattijo ya ɗanɗana ya zama shaida. Kafin magariba Iya ta aika wa Alhaji Ayinla da manya uku, ladan ya sami biyu, sauran dattawan dangi kowa da rabonsa, har maƙwabta Kirista ba ta tsallake ba. Ƙananan kuwa ta rufe ta ajiye, don ba a mayar wa surukin gobe langa ba komai.

Ranar Juma'a da safe Tudun Wada ta tashi da wani irin shiru. Alhaji Ayinla ya fito daga bayan gida, ya zauna a kan buzu, ya kira 'ya'yansa ya fara raba musu hulunansa yana yi musu wasiyyar zumunci. Ladan ya kira sallah da wata murya mai ban tausayi, ya wuce gidan malam neman rubutu. Wani dattijo ya tara matansa ya ce duk wadda ya taɓa ɓata wa ta yafe masa, suka ce sai ya fara lissafowa. Ba wanda ya gaya wa wani abin da ya gani, don ba magana ce ta faɗa ba. Sai dai kwatar da ke bayan makewayin masallaci ta wuni tana gudu shuɗiya, kowa ya zo wucewa ya ɗauke kai kamar bai gani ba.

Bayan an sauko, dattawa suka hallara a zauren Alhaji, kowa ya yi tagumi. Mata suna bayan labule, Foluke da Idiat a cinyarta, jikin yarinyar zafi rau. Samari da yara sun cika ƙofa. Sai ga Kasali, da rigarsa mai taswira, ya zube ya yi gaisuwa, ya miƙe ya gyara robar wuyansa.

Alhaji ya ce da sanyin murya, "Kasali, faɗi abin da ke tafe da kai. Ka taƙaita, duniya ba tabbas."

"Alhaji, an ce duk wanda ya shayar da Iya da Idiat magani shi ne mijin Foluke. To na shayar. Likitocin Turawa sun kasa, ni na yi, kuma ko sani ba su yi ba."

"Ta yaya?"

Kasali ya dubi taro, ya bari shiru ya nuna. "Dakuwa. Rabin kwalbar ƙwaya na daka na zuba a dakuwar da na kawo jiya. In kuna son shaida, a tambayi Iya abin da ta gani yau da safe da ta zaga. Shuɗi ne. Shuɗi shar! Wannan aikin hannuna ne."

Ladan ya ɗago kai a hankali ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi na kusa da shi. Na kusa da shi ya dubi rufin ɗaki.

"Shuɗi ka ce?" in ji Alhaji.

"Kamar shuni."

"Kuma ba ya kisa?"

"Ko kaza."

"Alhamdu lillahi," in ji ladan, kafin ya tuna bai kamata ya nuna abin ya shafe shi ba.

Daga bayan labule muryar Iya ta fito. "Ni ko ɗaya ban ci ba. Wa ya taɓa cin kayan mai neman aure shi kaɗai? Na raba wa iyayenka, ga su nan zaune."

Daidai nan Dalyop ya ratso taron ƙofa yana haki. "Oga Dokta! Abin da ya kama ka ya kama ni! Matana ya kawo mini dakuwa jiya, yau na cika kwano da shuni. Ni bayana ba ya ciwo!"

Samarin ƙofa suka fashe da dariya, wasu har da faɗuwa. Alhaji Ayinla ya miƙe tsaye, kansa ba hula don duk ya rabar, yana nuna Kasali da carbi. "Kai! Ni ka sa na yi wasiyya? Hulata ta Makka tana kan ɗan autana yanzu haka!"

"Alhaji, ai riga-kafi ne. Yanzu duk dattawan unguwa ba mai ciwon baya."

"Ni ciwon zuciya ka sa mini!"

Dattijon da ya nemi gafarar matansa ya ce shi a bar shi da Kasali, don abin da ya lissafa da safe ba ya maiduwa. Kasali ya fara auna nisan ƙofa, sai Iya ta ɗaga labule ta fito tana dogara sanda, langa mai fure a hannunta.

"Ku dakata. Ba a korar baƙo da yunwa. Ɗana, ga rabonka na ajiye maka." Ta buɗe, ga ƙananan dakuwa a jere. Ta ɗauki ɗaya da hannunta ta miƙa masa. "Bismilla."

Kasali ya san abin da ke ciki, shi ya zuba. Ya kuma san mai neman aure ba ya mayar da hannun suruka a gaban dangi. Ya karɓa, ya jefa a baki, ya tauna.

Zaƙi ya zo ya gaishe shi ya wuce. Yaji ya biyo baya. Sannan kwinin ya iso da kayansa. Idon Kasali ɗaya ya rufe, ɗaya ya fito. Leɓensa ya koma wajen kunne, wuyansa ya shige kafaɗa, ƙafarsa ta dama ta fara dukan ƙasa ita kaɗai. Yana ƙoƙarin cewa "Da daɗi," abin da ya fito sai wani kuka irin na agwagwa.

Sai aka ji wata 'yar dariya siririya daga bayan labule. Idiat ce, wadda rabonta da dariya tun kafin zazzaɓi. Ta leƙo tana nuna shi. "Mama, ya ƙara!"

Foluke ba ta ɓata lokaci ba. Ta jawo kwalba ta cika cokali. "In kin sha wannan, zai ƙara."

Yarinya ta dubi cokali, ta dubi Kasali, ta runtse ido ta shanye. Ta yi yatsina, ta goge baki, ta ce, "Saura shi."

Iya ta miƙa masa ta biyu. Ya dubi Foluke, ya ga hawaye a idonta, ya ga kuma cokalin ba komai. Ya karɓa.

"Ni ma," in ji Iya, tana gyara zama a kan tabarma, "in ya ci biyu a haɗe, zan gwada tawa. A raba ta biyu, a sa mini a cikin ayaba."

Ya ci biyu a haɗe. Dalyop ya riƙe shi don kada ya kife. Iya ta haɗiye ƙwayarta ba ko tari, ta ce ashe ma ba wuya.

Da hayaniya ta lafa, Alhaji Ayinla ya ari hula ya sa, ya yi gyaran murya. "Foluke ta yi rantsuwa a bakin famfo, kuma ga shi a gabanmu sun sha a dalilinsa. Ba za mu sa ta kaffara ba. Mun ba ka. Amma tunda an gano irin maganin da yaro da tsoho ke karɓa a gidan nan, ba za a canja ba. Safe, rana da yamma za ka zo ka fara sha a gabansu, har su warke. Bayan aure ma haka."

Kasali ya so ya yi jawabi, harshe ya ƙi. Ya zube ya yi godiya da ka.

Idiat ta warke, bayan Iya ya yi sauƙi, aka sha biki. Kasali ya sa aka rubuta a jikin akwatinsa cewa yaro da tsoho ba sa ƙin magani a hannunsa, kuma wannan karon ko Dalyop bai musa ba.

Da shekara ta zagayo, Foluke ta dawo daga awon ciki da wata ƙatuwar kwalba ta maganin masu juna biyu, baƙi ƙirin, mai warin tsatsa. Kasali yana shigowa da keke ya tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Iya da Idiat suna zaune a gaba, matan maƙwabta a baya, Dalyop ya leƙo ta kan katanga.

"Wannan ai na mata ne," in ji Kasali. "Masu ciki."

Iya ta cika cokali har yana zuba, ta miƙa masa.

"Dokta, bismilla. Yi a hankali, idona ba kyau."